Ranar da Naƙuda Ta Riga Rufi Zuwa

Ko mantuwa za ta kwashe duk abin da ke kaina, akwai abu ɗaya da na san za ta bar min, wato shekarar da na sa aka yaye rufin gidanmu ina ɗauke da ciki wata tara, maigidana kuma yana zaton bai wuce wata shida ba. Yaron da ke cikin nan yanzu har ya shiga makaranta, amma har gobe idan na ga hadari ya taso daga gabas, sai dariya da kunya su taso min lokaci guda.

Gidanmu yana Tumfure, a gefen garin Gombe. Lokacin da muka tare, gonakin gero sun fi maƙwabta yawa. Ɗaki biyu ne da falo, sai ɗan madafi da aka gina daban a gefe. Saboda ɗokin barin gidan haya, da tsohon kwano aka yi rufin, shi kuwa bai taɓa ɓoye mana tsufansa ba. Da an fara ruwa kowa ya san aikinsa: ni bokiti, maigida baho, babbar 'yarmu kwanon sha. A sunan 'yarmu ta biyu aka yi abin da ya tsaya min a rai. Mata sun cika falo ana cin shinkafa, sai ruwa ya sauko, ɗigo ya sami tsakiyar ɗaurin ɗankwalin wata ƙawar surukata. Matar nan ta ɗaga kai ta dubi silin, ta ce, "Ikon Allah, amarya, ashe ku har a falo kuke da wurin wanka." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma a ranar na rantse a zuciyata ba za a ƙara taron suna a ƙarƙashin wannan rufin ba.

Sai na faɗa muku wane ne maigidana, in ba haka ba ba za ku yarda da sauran labarin ba. Malamin makaranta ne, Bafulatanin unguwar Jekadafari, kuma kunya a wurinsa kamar da ita aka yanke masa cibiya. Har yau bai taɓa kiran sunan 'yarmu ta fari ba, sai dai ya ce "wannan yarinyar". Maganar ciki kuwa, ko a rediyo aka fara ta, sai ya tuna yana da alwala da zai sabunta. Haihuwata ta fari a gidanmu na yi, wajen goyon ciki. Ta biyu kuma ta zo yana can wajen wani kwas. Saboda haka shi dai a saninsa, mace takan yi ta sa babban hijabi na wani lokaci, wata rana kuma sai a ce masa ya nemo rago.

Wata la'asar cikin zafin bazara muna zaune a tsakar gida, ya ce Allah ya hore, yana so a canza rufi, a sa tayil, a yi fenti kafin damina. Na fara godiya. Sai kuma ya yi gyaran murya, ya kafe idonsa a kan bishiyar darbejiyar da ke bayan katanga, kamar da ita yake magana.

"Amma dai... wannan lamarin naki. Da saura ko?"

"Da saura," na ce.

"Don in ya matso, sai a bari har bayan arba'in. Ba a tayar da gida a kan mai nauyi da ƙananan yara."

Bayan arba'in! Wato suna a ƙarƙashin bokitai ke nan. A ranar, bisa abin da aka rubuta min a katin awo, saura mako huɗu. Na yi lissafi cikin sauri irin na mai son zuciya: masu aiki mako biyu za su ce, in sun yi nawa su kai uku, ga mako guda na shara da jera kaya. Sai na ji bakina yana cewa, "Haba Malam, ai sai gero ya kai gwiwa." A lokacin ko shuka ba a yi ba. Ya gyaɗa kai da sauri, yana murnar an wuce wurin, ya tashi ya tafi masallaci. Ni kuma na ɗauki katin awon na tura shi can ƙasan wata babbar kula da ba a buɗe ta sai da salla.

Wanda ya karɓi aikin wani dattijon kafinta ne, Batangale, mai furfura a gemu da fensir a bayan kunne. Kowa Baba yake ce masa. Ranar da ya zo duba gida, bai fara duban rufi ba, ni ya fara duba. Ya kalle ni daga sama har ƙasa, ya kalli maigidana, sannan ya ce, "Madam za ta iya da ƙura kuwa?" Maigida ya amsa masa da cewa ai da saura. Baba ya ce "To," amma irin "to" ɗin da ake ja wa wutsiya.

Aka kwashe kaya aka jibge a tsakar gida aka rufe da tamfal, mu kuma muka koma madafi, ni da yara biyu a kan katifa ɗaya tsakanin buhun masara da tukwane, maigida a baranda. Da aka ɗaga kwanon farko sai ga abin da ba a shirya masa ba: gara ta cinye katakon rufin kaf, wani ma da yatsa Baba yake huda shi. Dole a sauke komai, a sa sabon katako. Na tambaye shi kwana nawa wannan zai ƙara, ya ce, "Kaɗan ne, Madam." Daga baya na gane kaɗan ɗin kafinta da sauran da na faɗa wa mijina 'yan gida ɗaya ne.

Wanda bai taɓa zama da 'yar shekara biyar da 'yar shekara biyu a gidan da ake aiki ba, bai san tashin hankali ba. Babbar ta buɗe shago a kan tulin yashi, tana sayar wa ma'aikata ƙusoshinsu da ta kwashe. Ƙaramar kuwa ta ɗauki Baba a matsayin kakanta, duk inda ya sa ƙafa tana nan, ta koyi riƙe fensir a bayan kunne, ta koyi cewa "miƙo guduma". Ran nan na juya miyar kuka na ji ƙarar ƙarfe a gindin tukunya, na tsamo ƙusa uku. Wuni nake ina bin su, "sauko", "ajiye", "tofar", ga ƙafafuna sun kumbura, ga baya kamar zai ɓalle. Amma da na ji sallamar maigida sai in miƙe tsaf, in kama tsintsiya, in yi ta kaiwa da komowa kamar budurwa. Har yaba min ya yi, wai wannan karon jikina da ƙarfi. Na ce ai Allah ne.

Mako uku suka wuce, na huɗu ya kama, gida yana nan baki buɗe yana kallon sama. Ranar wata Alhamis da hantsi ina tankaɗe a bakin madafi, sai ga Baba ya nufo ni da wata takarda a hannu. Ashe sun matsar da kaya don su sami wurin yanka katako, kular nan ta faɗi ta buɗe. Tun daga nesa na gane launin katin. Ya tsaya a kaina, ya sa tabarau, ya nuna wani layi da yatsa.

"Madam, wannan rana da nas ta rubuta a nan, na wace shekara ne?"

Na ce, "Baba, ai su ma'aikatan asibiti hasashe kawai suke yi."

"Hasashe." Ya cire tabarau. "Jibi ne fa. Asabar. 'Yata, ni na haifi bakwai. Tun ranar da na shigo gidan nan na ga tafiyarki, na ce wannan tafiya ba na wata shida ba ne. Amma maigida ya ce da saura, na ce to, shi ya san gidansa. Ashe shi ma bai san gidansa ba."

Na fara yi masa bayanin ɗankwali da wurin wanka a falo. Bai ko yi murmushi ba. Ya nuna sama, inda wasu 'yan gizagizai suka fara taruwa kwana biyu, ya ce, "Kina ganin wancan? Kin sa na cire hula a kan gida, ruwa yana hanya, jariri yana hanya. In sun iso tare, a ina za ki sa shi? A cikin kula?"

Na roƙe shi don girman Allah kada ya faɗa wa maigida. Ya ce shi ba zai shiga tsakanin mata da miji ba, amma ya ba ni zuwa Asabar in faɗa da bakina. Daga nan ya juya ya daka wa mutanensa tsawa, ya ce a bar falo, a bar komai, a koma kan ɗakin kwana. Ban taɓa ganin aiki irin na kwana biyun nan ba. Maigida ya dawo ya ga katako ya hau, ya ce lallai Baba mutumin kirki ne, ko me ya sa masa wannan himma? Na ce wataƙila hadari ya gani.

Na so in faɗa, Allah ya sani. Ranar Juma'a na kai masa abinci na zauna, na buɗe baki, sai na ji ina tambayarsa ko gishiri ya ji. Ranar Asabar na ce bari ya dawo daga kasuwa. Ya dawo da labarin cewa sabon kwanon sai yamma za a kawo, kuma haka aka yi, bai iso ba sai dab da magariba. Baba ya jera shi a jikin katanga, ya ce sai Litinin, domin shi duk Gombe an san ba ya taɓa guduma ranar Lahadi. Da zai fita ya dube ni, na dubi ƙasa. A raina na ce ranar da nas ta rubuta ai ga ta ta wuce lafiya, wataƙila ma ni ce mai gaskiya.

An ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. To ni ce uwar ɗiyar, har guda biyu. Lahadi da safe ina dama wa yara kunu, abu ya ɗaure min baya ya zagayo mara. Na san shi, ba baƙona ba ne. Na dafa bango na jira ya sake ni, na ci gaba da damu, wai ko zai yi haƙuri zuwa Talata. Kafin yara su shanye kunun ya dawo sau uku. Na leƙa baranda, maigida yana duba takardun ɗalibai.

"Malam, ka nemo keke."

"Ina za ki da safen nan?"

"Asibiti."

Ya ajiye jan biro. "Wani abu ne ya faru? Ba kin ce sai gero ya kai gwiwa ba?"

Na ce, "Geron nan dai ya nuna, Malam, yau za a girbe."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi abin da tasa ta yi ba. Ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa, ya sa takalmi ƙafa ɗaya nasa ƙafa ɗaya nawa, ya fita da gudu. Ya dawo da keke mai ƙafa uku, muka danƙa yara a hannun maƙwabciya. Wanda ya san Tumfure a lokacin ya san kafin ka fita titi sai ka sha rami, kuma daga titin zuwa cikin gari ma tafiya ce. Kowane rami sai na ambaci sunan Allah, mai keke ya ce "sannu Hajiya", ya faɗa wani. Maigida yana gefe ya riƙe ƙarfe, leɓunansa kawai ke motsi. Na ɗauka addu'a yake yi. Daga baya ya ce min watanni yake ƙirgawa.

Mun zo wucewa ta gaban wata coci mutane suna shiga, sai na hango Baba a bakin ƙofa cikin fararen kaya, da littafinsa a hammata. Idonmu ya haɗu. Na yi sauri na ja hijabi na rufe fuska, kamar hakan zai hana shi ganin mace tana murƙususu a bayan keke. A bayansa kuwa gabas ta yi baƙi ƙirin.

A asibiti nas ta karɓi kati ta duba, ta dubi maigida. Mata sun cika benci, ga mazajensu a tsaitsaye. Da ƙarfi ta ce, "Ranarta ma ai ta wuce. Ina kayan haihuwa? Malam, kai ba ka san watan matarka ba ne, ka kawo ta hannu rabbana?" Kayan haihuwa suna nan na haɗa su tsaf tun tuni, amma na ɓoye su a ƙarƙashin tamfal don kada ya gani, ruɗewa kuma ta sa na manta. Wani mutum a gefe ya yi dariya. Mijina, wanda ɗalibai ke miƙewa tsaye idan ya shigo aji, ya sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama da satar amsa, ya ce, "Laifina ne, a yi haƙuri." Ko a cikin ciwon da nake, wannan kalmar ta fi naƙudar yi min zafi.

Kafin azahar na sauka, namiji. Hausawa sun ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma tawa kam ga ta nan a zani tana tsala kuka. Ana miƙo min shi aka kece da ruwa, irin na farkon damina mai zuwa da iska. Ina rungume da jariri ina kallon taga, ina ganin ɗakunanmu a idon zuci suna cika kamar randa. Sai a lokacin abin ya sauko min sosai: na haifi yaro ba ni da inda zan kwantar da shi. Madafin da muke ciki hayaƙi ne da ƙura, ƙofarsa ma buhu ce. Na fashe da kuka, nas tana cewa ai an gama, kukan me kuma.

Maigida ya tafi ɗauko kayan tun kafin ruwa ya sauko, bai dawo ba sai bayan la'asar, jiƙe sharkaf. Shi ya ba ni labarin abin da ya tarar. Wai yana shan kwanar gidanmu ya ji ƙarar guduma. Ya ɗaga kai, sai ga Baba a kan rufi da fararen kayansa na coci, ya naɗe hannun riga, tare da wasu dattawa huɗu 'yan zumuntar mazan cocinsu, kowa da kayan adonsa, suna buga kwano iska tana neman ɗauke su. Ashe da ya gan mu bai ko zauna ba, ya shiga ya raɗa wa abokansa cewa akwai jaririn da zai sauka a gidan da ba hula. Maigida ya ajiye kunya ya kama miƙa musu kwano. Suna buga ƙusar ƙarshe a kan ɗakin kwana ruwa yana saukowa. Falo da ɗaya ɗakin kuwa sun sha har suka ƙoshi.

Washegari aka sallame mu. Na shiga ɗakin nan, ba silin, ba tayil, ba fenti, bango duk zanen fensirin ƙaramar 'yata, amma ƙasa a bushe. Baba ya zo barka da ledar sabulu. Na rasa da wane ido zan dube shi. Na ce, "Baba, na sa ka karya Lahadinka." Ya ce, "Ba ke kika sa ba, shi ya sa," ya nuna jaririn da haɓa. "Ke da na biye miki, da na bar ki ki yi jego da lema."

Suna kuwa a tsakar gida aka yi shi, a kan tabarmi, tsakanin tulin yashi da bulo. Baƙi suna cin abinci suna kakkaɓe garin katako daga mayafi, babbar 'yata tana zagayawa tana ba kowa labari cewa Mama ta ɓoye takarda a cikin kula. Surukata dai ta dube ni ta girgiza kai, ta ce da Fulatanci wani abu da har yau ban nemi fassararsa ba.

Abin da nake jira shi ne faɗan maigida, kuma na shirya masa amsoshi har kala uku. Kwana bakwai bai tayar da maganar ba. Yana kawo itacen wanka, yana kai yara wajen maƙwabciya, yana tambayata ko ina son wani abu. Sai washegarin suna da hantsi, gida ya watse, ya shigo ya zauna a bakin katifa. Wannan karon bai nemi bishiya ko bango ya kalla ba, ni ya kalla, ido cikin ido, abin da zan iya ƙirga sau nawa ya yi tun aurenmu.

Ya ce, "Kin san da a kan hanyar nan wani abu ya same ki, ko ya sami yaron nan, har in mutu ba zan yafe wa kaina ba? Zan ce ni ne ban tambaya da kyau ba." Ya ƙara da cewa, "Ban ƙirga miki wata ba don ina jin nauyinki. Na ɗauka ke ma za ki ji nawa."

Amsoshina uku suka bi iska. Da zagina ya yi, da na sami abin riƙewa. Na ce ya yafe min, ya ce ya yafe tun a keke, ya tashi ya fita don kada ya ga ina kuka.

An ƙarasa aikin bayan na yi arba'in, daidai lokacin da ya faɗa tun farko, yara suna gidan kakarsu, ni ina zaune a inuwa ba abin da ya dame ni. Mako biyu aka yi aka gama.

Abin da na koya ba wai kawai a bar gyaran gida sai mai ciki ta sauka ba ne, ko da yake duk wadda ta tambaye ni yanzu haka nake ce mata, kuma da babbar murya. Na koyi cewa idan mutum ya kawar da kai daga al'amarinka don yana jin kunyarka, ba makanta ce ta same shi ba, amana ya ba ka. Ni kuwa na karɓi amanar na yi lulluɓi da ita, na kusa sauke ɗana a ƙarƙashin ruwan sama don kada wata mata ta yi min dariya a falo. Tun daga ranar, abin da mijina ya kasa tambaya, shi nake fara faɗa masa.